Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Ɗan Majalisar Jihar Arewa, Ministan Ilimi, Kuma Shugaban Farko na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata

Alhaji Isa Kaita (1912–1994) malamin makaranta ne, ma'aikacin rediyo, basarake kuma ɗan siyasa daga Katsina. An zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1951, ya zama minista a 1954, ya kuma riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa daga 1957 har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. A Jamhuriya ta Biyu shi ne ya fara shugabantar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, wadda hedikwatarta ke Abuja a yau. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina, daga baya ya zama Waziri.

Manyan muƙamansa biyu sun ƙare da sakamako mabambanta. A Ma'aikatar Ilimi ya sami majalisa mai zartar masa da doka, da kasafin kuɗi, da shekaru tara a kujera ɗaya, kuma makarantun da aka kafa a lokacin suna nan har gobe. A Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuwa an ba shi muƙami ba tare da dokar da za ta ba hukumar ƙarfin aiki ba, har gwamnatin ta faɗi.

Asali da karatu

An haife shi a Katsina a watan Janairun 1912, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Mahaifinsa shi ne Wazirin Katsina Haruna. Sarki Dikko na cikin sarakunan Arewa da suka fara rungumar karatun boko, kuma a garinsa ne Turawa suka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malaman makaranta. Wannan kwaleji ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, wadda ake kira Kwalejin Barewa a yanzu.

Isa Kaita ya shiga kwalejin a 1927, ya gama a 1932. A waɗannan shekaru ya yi zamani da Ahmadu Bello na Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. Ɗaliban kwalejin kaɗan ne, an tsamo su daga larduna daban-daban, saboda haka kowa ya san kowa. Daga cikinsu ne aka sami yawancin mutanen da suka riƙe gwamnatin Arewa bayan shekara ashirin. Da ya gama, sai ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina har zuwa 1941.

Rediyo da aikin En'e

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban Hausawa da sauran 'yan Arewa suna cikin rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a Gabashin Afirka da kuma Bama. Gwamnatin Ingila tana bukatar masu karanta labaran yaƙin da Hausa. Daga 1941 zuwa 1944 Isa Kaita ya yi wannan aiki a gidan rediyon Akara, a ƙasar da ake kira Ghana a yanzu, tare da Bello Ɗandago na Kano. Suna cikin mutanen farko da aka ji muryarsu da Hausa ta akwatin rediyo, fiye da shekara goma kafin BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957.

Da ya dawo gida a 1944, shekarar da Usman Nagogo ya gaji mahaifinsa Dikko, sai ya shiga aikin En'e, ya zama na hannun daman sabon Sarki a harkokin ofis. En'e ita ce hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarki, mai karɓar haraji da jangali, mai kula da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari da makarantun elementare, Razdan da Di'o na sa mata ido. A 1948 ya tafi Ingila, ya sami difloma a fannin tafiyar da mulki a kwalejin jami'a da ke Exeter.

Shiga majalisa

An kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu. A watan Oktoban 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Isa Kaita na cikin mutanen farko a cikinta, ya kuma riƙe mata muƙamin sakataren kuɗi.

Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki mai zaɓaɓɓun wakilai 90. Zaɓen na hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji kan zaɓi wakilai a ƙauye ko unguwa, waɗannan su zaɓi na gunduma, a yi ta hawa har zuwa matakin lardi, inda ake fitar da 'yan majalisa. An kuma ba En'e damar shigar da nata mutane a matakin ƙarshe. Wannan tsari ya yi wa ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta daɗi. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma ba ta kai labari ba a matakin ƙarshe. Ta wannan hanya Isa Kaita ya shiga majalisa daga Lardin Katsina.

An ci gaba da gyara tsarin zaɓen. A 1956 kujerun zaɓe sun ƙaru zuwa 131, aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a wasu mazaɓun birane. Zaɓen tarayya na 1959 da na jiha na 1961 duk kai tsaye aka yi su. Sai dai maza kaɗai ke da ƙuri'a a Arewa. Mata ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Ministan Ayyuka

A tsarin firimiya irin na Ingila, wanda aka bi a lokacin, dole minista ya kasance ɗan majalisa. Yana zama a zauren Lugard Hall, yana kare kasafin ma'aikatarsa da bakinsa, yana amsa tambayoyin 'yan adawa. Wannan ya bambanta da tsarin shugaban ƙasa da Nijeriya ta ɗauka a 1979, inda ɗan majalisar da aka naɗa minista ko kwamishina sai ya sauka daga kujerarsa.

A ƙarshen watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Legas, yana neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi amincewa da tsayar da shekara, saboda jiharsu ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko da za su gaji Turawa. Rikicin ya kai ga tarzomar Kano ta watan Mayun 1953, daga nan aka shirya tsarin mulkin Lyttelton na 1954, wanda ya mayar da Nijeriya tarayya, ya kuma bar wa jihohi uku iko mai yawa, har da ilimin firamare da na sakandare. A wannan shekara Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Isa Kaita kuma ya karɓi Ma'aikatar Ayyuka, wadda Sardauna ya taɓa riƙewa. Ma'aikatar ce ke kula da hanyoyi da gadoji da gine-ginen gwamnati a jihar da ta ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasar Nijeriya.

Shekaru tara a Ma'aikatar Ilimi

A 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilimi, wadda Makaman Bida Aliyu ya fara riƙewa kafin ya koma Ma'aikatar Kuɗi. Abin da ya tarar abin damuwa ne. Tun zamanin Lugard aka taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, alhali mishan ne suka gina yawancin makarantun Kudu. Makarantar gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, fiye da shekara sittin bayan an fara makarantun mishan a Badagry da Abekuta da Kalaba. Iyaye da yawa ba su yarda da boko ba, sun fi natsuwa da makarantun allo da na ilimi da suka gada. A wurare da dama sai da ƙarfin hakimi da dagaci ake samun yaran da za a cika aji.

Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Janairun 1955 a ƙarƙashin Obafemi Awolowo. Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, amma nauyin kuɗin ya fi ƙarfinta, ta dawo da kuɗin makaranta a wasu azuzuwa a shekarar da ta biyo. Gwamnatin Arewa ta bi wata hanya dabam. Hujjarta ita ce babu malaman da za su koyar ko da an gina azuzuwan, saboda haka ta sa ƙarfinta a kan horar da malamai, da faɗaɗa makarantun sakandare na larduna, da makarantun sana'a, da ba da tallafin karatu ga masu zuwa jami'a a gida da waje. Ana cikin haka kuma gangamin Yaƙi da Jahilci yana koyar da manya karatu da rubutu da Hausa da wasu harsuna.

Bayan wannan zaɓi akwai babbar manufar gwamnatin Sardauna, wato mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. Ƙa'idar ita ce a fara neman ɗan Arewa. Idan ba a samu ba, a ɗauki Bature a kan kwantiragi na ɗan lokaci. Ɗan Kudu shi ne zaɓi na ƙarshe. 'Yan Kudu sun ɗauki wannan a matsayin wariya, shugabannin Arewa kuwa suna ganin kariya ce daga a mamaye su a gidansu. Ko ta wace fuska aka duba, nauyin samar da waɗannan ma'aikata a kan Ma'aikatar Ilimi ya faɗa, musamman bayan jihar ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, ƙasar kuma ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960.

Dokar Ilimi ta 1962

Makarantun firamare a Arewa iri biyu ne a lokacin: na En'e da na mishan da sauran ƙungiyoyi masu zaman kansu. Kowane ɓangare na da nasa tsarin ɗaukar malamai da biyan albashi. A 1961 gwamnatin jihar ta sa wani ƙwararren jami'in ilimi daga Ingila, Mista Oldman, ya binciki yadda ake tafiyar da ilimin firamare. Rahotonsa ne ya haifar da Dokar Ilimi ta 1962, wadda ta buɗe ƙofar kafa hukumomin ilimi na yanki. Aikin irin wannan hukuma shi ne ta tsara bukatun makarantun yankinta, ta haɗa na En'e da na ƙungiyoyi a ƙarƙashin tsari ɗaya, gwamnatin jiha kuma ta riƙa ba da tallafi tana sa ido ta hanyar sufetocinta. Sunan hukumar ilimi ta yanki, wato LEA, wanda har yanzu ake gani a allunan makarantun firamare a Kaduna da Babban Birnin Tarayya, daga wannan tsari ya samo asali.

Kafa Jami'ar Ahmadu Bello

A 1959 gwamnatin tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ya duba bukatun ƙasar na ilimi mai zurfi. Mutum tara ne a cikinsa, uku daga Nijeriya, uku daga Ingila, uku daga Amurka, kuma Shettima Kashim na Borno ne ɗan Arewa a ciki. Rahoton da ya miƙa a 1960 ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, mazauninta Zariya. Kafin nan jami'a ɗaya ce a ƙasar, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, sai ta Nsukka da ta fara aiki a watan Oktoban 1960.

Majalisar Jihar Arewa ta zartar da dokar kafa majalisar riƙo ta jami'ar a 1961, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoban 1962 da sunan Jami'ar Ahmadu Bello. An haɗa cibiyoyin da ke akwai ne aka tayar da ita: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano da aka sa wa sunan Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ta fara da ɗalibai 426 a tsangayoyi huɗu. Dokta Norman Alexander, mutumin New Zealand, shi ne shugabanta na farko, Sardauna kuma uban jami'a. A shekarar ne kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya da taimakon hukumar UNESCO, domin samar da malaman sakandare. Duk waɗannan a lokacin da Isa Kaita ke riƙe da ma'aikatar aka yi su, kuma ana lissafa shi cikin makusantan Sardauna masu ba shi shawara.

Suka da muhawara

'Yan adawa, musamman NEPU ta Malam Aminu Kano, sun zargi gwamnatin NPC da cewa gwamnatin sarakuna da 'ya'yansu ce, kuma tana amfani da alƙalai da 'yan dokar En'e wajen danne talakawan da suka saɓa mata. Isa Kaita, a matsayinsa na ɗan Waziri, mai riƙe da sarauta, kuma minista, yana cikin irin mutanen da wannan suka ta shafa kai tsaye.

A fannin ilimi ma har yau masana ba su daina muhawara ba. Masu yabon manufar suna nuna cewa cikin ƙasa da shekara goma jihar ta sami jami'a da kwalejojin malamai da rukunin ma'aikata da suka riƙe jihohin Arewa bayan 1967. Masu suka suna cewa an gina sama an bar ƙasa: lokacin da gwamnatin ta faɗi a 1966, kason yaran Arewa da ke firamare bai kama ƙafar na Kudu ba, karatun 'ya'ya mata ya fi komai zama baya, kuma ba a sami hanyar haɗa ɗimbin almajiran makarantun allo da tsarin gwamnati ba. Ilimin firamare kyauta ga kowa bai iso Arewa ba sai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE a watan Satumban 1976. Bayansa aka zo da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da hukumar UBEC da ke Abuja. Duk da haka, asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 10, mafi yawansu a Arewa.

Bayan juyin mulkin 1966

A daren 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna a Kaduna, aka kuma kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan an ɗauke shi daga gidansa a Legas. Aka rushe majalisu, aka sauke ministoci. Wanda aka naɗa Gwamnan soja na Arewa shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo da Isa Kaita ya yi wa aiki. Ranar 27 ga Mayun 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa, Lardin Katsina da na Zazzau suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna a hannun hukumar haɗin gwiwa ta jihohin Arewa har gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975.

Isa Kaita ya ci gaba da zama a Kaduna, ya shiga hukumomin daraktoci na wasu kamfanoni. Yana cikin dattawan da suka yi fafutukar a ba Katsina jiharta, abin da ya tabbata ranar 23 ga Satumban 1987 a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata

Bayan korar dubban ma'aikata da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi a 1975 bisa zargin almundahana da sakaci, masu rubuta sabon tsarin mulki sun nemi a sami hukuma ta dindindin da za ta riƙa sa ido a kan masu riƙe da muƙamai. Tsarin mulkin 1979 ya zo da ƙa'idojin ɗa'a, ya wajabta wa shugabanni da manyan ma'aikata bayyana kadarorinsu, ya hana su karɓar kyauta saboda aikinsu, ya kuma tanadi hukuma da kotu na musamman.

Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne kuma tsohon ɗan NPC, ya naɗa Isa Kaita shugaban hukumar. Matsalar ita ce tsarin mulki ya kafa hukumar a taƙaice, ya bar wa Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta fayyace ikonta da hanyar aikinta. Majalisar ba ta zartar da wannan doka ba har sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamban 1983. 'Yan majalisar kuwa suna cikin waɗanda dokar za ta tilasta wa bayyana abin da suka mallaka. Hukumar ba ta sami cikakken hurumi ba sai da dokar soja mai lamba 1 ta 1989.

A yau tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi hukumar da kotunta, dukansu a Abuja, inda aka mayar da babban birnin ƙasa ranar 12 ga Disamban 1991. Ana bukatar mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma lokacin sauka. Kotun ta gurfanar da Shugaban Majalisar Dattawa mai ci a 2015, da Babban Jojin Nijeriya a 2019.

Rasuwa da tunawa

Alhaji Isa Kaita ya rasu a watan Nuwamban 1994 yana da shekara 82. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero sun ba shi digirin girmamawa. Gwamnatin Jihar Katsina ta sa sunansa a Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma, akwai kuma titi mai sunansa a Kaduna, garin da ya yi shekara goma sha biyar yana ɗan majalisa.